Wane ne Hannes Wader, kuma me ya sa Jamusawa suka haddace waƙarsa?

Ɗalibar Jamusanci ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina karatu a wata jami'a da ke jihar Hessen a ƙasar Jamus, kuma a watan jiya 'yan ajinmu suka shirya fita zuwa bakin wani daji, inda muka kwana biyu a cikin tantuna. Da dare ya yi aka hura wuta, sai wani ya ɗauko jita ya soma wata waƙa mai suna "Heute hier, morgen dort", wato yau nan, gobe can. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda kowa ya kama ta, tun daga malaminmu wanda ya haura shekara 60 har zuwa 'yan matan da ba su cika 20 ba, kuma babu wanda ya duba takarda. Na ɗauka tsohuwar waƙa ce da suka gada kaka da kakanni, sai aka shaida mini cewa mai ita mutumin zamaninmu ne, sunansa Hannes Wader.

Da na koma ɗaki na nemi waƙoƙinsa na saurara, na tarar da murya mai kauri da jita guda ɗaya, babu ganguna babu hayaniya, kuma ko inda ban gane kalmomin ba sai na ji jikina ya yi sanyi. Amma wata abokiyar karatuna ta ce iyayenta ba sa ƙaunarsa, domin ɗan gurguzu ne kuma an taɓa kama shi kan alaƙa da 'yan ta'adda. Ina roƙon wanda ya san tarihin mutumin nan ya warware mini: daga ina ya fito, mene ne gaskiyar wannan zargi, kuma yaya aka yi waƙar mutum guda ta koma kamar ta gargajiya tun yana raye?

Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tambayarki ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, kuma ba za a iya amsa ta ba sai an waiwayi halin da waƙar gargajiya ta shiga a Jamus bayan 1945.

'Yan Nazi sun yi amfani da waƙar taro fiye da kima. Sun sa matasa da sojoji rera waƙoƙin ƙauye da na yawon daji a wajen fareti da sansanoni, har ta kai ga cewa bayan an gama Yaƙin Duniya na Biyu, matashin Bajamushe mai tunani yakan ji kunya idan ya ji jama'a sun haɗa murya cikin harshensu. Abin da ya cika gidajen rediyo a shekarun 1950 shi ne waƙoƙin soyayya marasa nauyi da suke kira Schlager, su kuwa matasa suka karkata ga waƙoƙin Amurka da Ingila da Faransa. Franz Josef Degenhardt, wanda lauya ne kuma mawaƙi, yana da waƙa a kan wannan ciwo, inda ya nuna cewa tsofaffin waƙoƙin ƙasar sun mutu bayan takalman soja sun tattake su.

A cikin wannan yanayi Wader ya taso. An haife shi ranar 23 ga Yuni 1942 a gefen birnin Bielefeld, a gidan talakawa liƙis: mahaifinsa ɗan ƙodago ne a gonakin mutane, mahaifiyarsa kuma tana aikin shara da goge-goge. Da ya gama makaranta ya koyi sana'ar ƙawata tagogin kanti a wani kantin takalma, aka sallame shi a 1962, kuma daga cikin laifuffukan da aka ɗora masa har da yin kiɗa a lokacin aiki. Daga nan ya shiga karatun zane, ya koma Barlin ta Yamma a 1963. Kafin ya riƙi jita da gaske, kayan busa yake hurawa a ƙungiyoyin jaz. Wanda ya juya masa tunani shi ne mawaƙin Faransa Georges Brassens, mutumin da ya nuna cewa da jita ɗaya da baitoci masu ma'ana za a iya riƙe jama'a tsawon dare, sannan daga baya tasirin Bob Dylan ya biyo.

Wurin da ya kamata ki riƙe sunansa shi ne Burg Waldeck, wani tsohon kangon fada a tsaunukan Hunsrück, inda aka riƙa yin bikin waƙa a fili daga 1964 zuwa 1969. A can ne matasan da ke neman hanyar yin waƙa da Jamusanci ba tare da warin fareti ba suka haɗu, irin su Degenhardt da Reinhard Mey da Peter Rohland da tagwayen nan Hein da Oss Kröher. Wader ya hau dandalin a 1966, kuma daga wannan hawa sunansa ya fita. Irin waɗannan mawaƙa ana kiran su Liedermacher, wato maƙera waƙa, suna ne da Wolf Biermann, wani mawaƙi na Jamus ta Gabas, ya yaɗa domin ya nuna cewa waƙa sana'ar hannu ce kamar ƙira ko saƙa. Faifan Wader na farko ya fito a 1969, waƙar da kika ji a bakin wuta kuwa tana cikin kundin "7 Lieder" na 1972.

Game da zargin da abokiyarki ta ambata, ga yadda abin ya faru. A 1971 ya bar wa wata mata ɗakinsa na Hamburg zai yi tafiya, ita kuwa ta zo masa da sunan ƙarya, ta ce 'yar jarida ce. Ashe Gudrun Ensslin ce, ɗaya daga cikin shugabannin ƙungiyar RAF, wadda aka fi sani da Baader-Meinhof, mai ɗauke da makamai. Da ya dawo ya tarar an yi kaca-kaca da ɗakin, 'yan sanda suka kama shi, aka buɗe bincike a kansa, aka daɗe ana bin sawunsa. Ba a same shi da laifi ba, amma tabon ya riga ya zauna, domin gidajen rediyo da talabijin sun juya masa baya na tsawon shekaru. Saboda haka idan an ce an kama shi, gaskiya ne; idan kuma an ce ɗan ta'adda ne, wannan ƙazafi ne.

Abin da na fi daraja shi a kai ya zo ne bayan wannan masifa. A 1973 ya bar birni ya tare a wani tsohon gidan niƙa mai aiki da iska a ƙauyen Struckum, can arewa kusa da teku, ya shiga tono waƙoƙin da mutanen zamaninsa suke ƙyama. A 1974 ya fitar da kundi cikin Plattdeutsch, karin harshen mutanen arewacin Jamus wanda 'yan boko suke yi wa kallon yaren ƙauyawa, har da baitocin marubucin nan Klaus Groth na ƙarni na 19. A 1975 ya fitar da "Volkssänger", inda ya haɗa waƙoƙin talakawa da na juyin juya halin 1848, ciki har da "Trotz alledem" ta Ferdinand Freiligrath, wadda ma'anarta ita ce duk da haka. A 1978 kuma ya yi na waƙoƙin matuƙan jiragen ruwa. Wasu abokan aƙidarsa sun zarge shi da komawa baya, amma abin da ya nuna shi ne cewa gadon waƙar Jamus ba na masu fareti ba ne su kaɗai, akwai na manomi da masaƙi da matuƙi da fursuna, kuma wannan gadon ba shi da abin kunya. Ina ganin shi ya sa matasan da kika gani suka iya haɗa murya a bakin wuta hankalinsu kwance, abin da kakanninsu suka daɗe ba su iya ba.

Mai Jita ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan tarihi, ni kuma zan tsaya a kan kiɗan, domin na shafe shekaru ina koyon salon hannun mutumin nan.

Wader ba ya sharar tsirkiyoyi gaba ɗaya kamar yadda yawancin masu koyo suke yi. Da 'yan yatsu yake tsinkar su ɗaya bayan ɗaya: babban yatsa yana kai da komo a kan tsirkiyoyi masu kauri yana riƙe da taku, sauran yatsun kuma suna zana karin waƙar a kan sirara. Wannan salo daga mawaƙan karkarar Amurka ya samo asali, kuma a farkon shekarun 1970 ya yi aiki tare da Werner Lämmerhirt, wanda yana cikin gwanayen wannan tsinka a Jamus. Sakamakon shi ne jita ɗaya takan yi sauti kamar mutum biyu ne suke kaɗawa, ba tare da ta danne murya ba. Muryarsa kuwa mai kauri ce, kuma yana furta kowane harafi a fili, shi ya sa malaman harshe suke son amfani da waƙoƙinsa.

Akwai abin da ya kamata a faɗa domin adalci: karin "Heute hier, morgen dort" ba nasa ba ne. Wani Ba'amurke mai suna Gary Bolstad ne ya tsara shi a waƙarsa "Indian Summer", Wader ya ɗora masa baitocin Jamusanci. Baitocin suna magana ne da bakin matafiyin da bai gama sauke kaya ba sai tafiya ta sake kiransa, wanda ya gane tuntuni cewa babu abin da ke dawwama a yadda yake. Kamun tsirkiya kaɗan ne a cikinta, yaro mai wata uku da fara koyo zai iya kaɗa ta, kuma amshinta yana zama a kai tun ji na farko. Ta shiga littattafan waƙa na makarantu da na ƙungiyoyin matasa masu yawon daji, shi kuma ya mayar da ita mabuɗin wasanninsa na shekaru masu yawa. Waƙa mai sauƙin kaɗawa, mai magana a kan abin da kowa ya taɓa ji a ransa, ita ce takan bar hannun mai ita ta koma hannun jama'a.

Ɗaukar kari daga wani wuri al'adarsa ce, kuma bai taɓa ɓoye ta ba. "Es ist an der Zeit" ta 1980, wato lokaci ya yi, ya gina ta ne a kan waƙar Eric Bogle, haifaffen Sikotilan mazaunin Ostareliya. A cikinta mai magana yana tsaye a gaban kabarin wani matashin soja na Yaƙin Duniya na Ɗaya a yankin Champagne na Faransa, kabarin da ba shi da suna sai lambobi da shekarar 1916, yana tambayarsa yadda ya mutu da irin ƙaryar da aka yi masa kafin a tura shi. Ita kuma "Der Tankerkönig" wani abu ne daban: labari ne mai tsawon fiye da minti 10 da yake zubawa da baki a kan kiɗan jita, cike da shaguɓe ga masu dukiya da 'yan sanda, salon da ya aro daga Arlo Guthrie.

Idan 'yar'uwa tana neman abin da za ta kwatanta shi da shi, ta tuna marigayi Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa: mutum ɗaya, abin kiɗa ɗaya, babu 'yan amshi, kuma waƙar a kan ƙananan mutane take, irin su karen mota. Kamancin a nan ya tsaya, domin Wader ya ɗaure kansa da jam'iyyar siyasa, wannan kuwa magana ce da zan bar wa waɗanda suka fi ni saninta.

Tsohon Mazaunin Jamus ya amsa:

'Yata, na zo ƙasar nan tun tana rabe gida biyu, kuma ina so ki ji ɗaya ɓangaren, domin iyayen abokiyarki ba su yi magana a banza ba.

Na yarda da Malam cewa batun ɗakin Hamburg zalunci aka yi masa. Amma shigarsa jam'iyyar gurguzu ta DKP a 1977 zaɓinsa ne, kuma ya kamata a dubi lokacin da ya yi shi. A watan Nuwamba na 1976 gwamnatin Jamus ta Gabas ta ƙwace wa Wolf Biermann takardar zama ɗan ƙasa bayan wasan da ya yi a birnin Kolon, ta hana shi komawa gida, ba don komai ba sai don waƙoƙinsa na sukar masu mulki. Marubuta da dama a Gabas sun sa hannu a takardar ƙorafi duk da haɗarin da ke ciki, wasu suka rasa aiki, wasu suka bar ƙasar. Jam'iyyar DKP kuwa tana bayan gwamnatin da ta yi wannan aiki, kuma daga can ake ba ta kuɗi. Mawaƙin da ya ɗanɗana zafin toshe baki a Yamma, ya ga an kori ɗan'uwansa mawaƙi a Gabas, sannan shekara ta zagayo ya yanki katin wannan jam'iyya. Wannan abu yana damuna har yau, kuma ba na jin daɗin yadda masoyansa suke tsallake shi.

Duk da haka ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Shiga DKP a wancan lokaci ba hanyar samun abinci ba ce, domin tun 1972 akwai dokar da ke tantance ma'aikatan gwamnati, wadda ta hana 'yan gurguzu da yawa aikin koyarwa da na gidan waya, shi kuma kafofin yaɗa labarai suka ƙara nisantarsa. Mutum ne da ya taso cikin talauci, ya ga yadda aka yi da mahaifinsa a gonakin wasu, saboda haka na fahimci abin da ya ja shi. A 1977 ɗin ne ya fitar da kundin waƙoƙin ma'aikata, wanda aka ɗauka a bikin jaridar jam'iyyar, kuma a ciki akwai "Die Moorsoldaten", waƙar da fursunonin sansanin Börgermoor suka tsara a 1933. Duk wanda ya ji yadda ya rera ta ya san ba wasa yake yi ba.

Na kuma ga da idona yadda waƙarsa ta kabarin soja ta yi aiki. Bayan ƙungiyar NATO ta yanke shawara a Disamba 1979 cewa za ta girke sababbin makamai masu linzami a Yammacin Turai, mutane suka fito ƙwansu da kwarkwatarsu, har kimanin 300,000 suka taru a Bonn ranar 10 ga Oktoba 1981. A tarukan waɗannan shekaru, limaman coci da ɗalibai da ma'aikata da tsofaffin da suka ga yaƙi duk sun rera ta, kuma galibinsu ba ruwansu da gurguzu. Ya fice daga jam'iyyar a 1991, bayan katangar Barlin ta faɗi kuma abubuwa da yawa sun fito fili. A ganina ya makara, amma ya fita, kuma bai koma yana zagin talakawan da ya yi wa waƙa ba kamar yadda wasu suka yi da iska ta juya.

Ɗalibar Jamusanci ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, da kai Mai Jita, da kuma Baba da ya nuna mini inda gizo yake saƙa. Yanzu na gane dalilin da ya sa gida ɗaya yake ƙaunarsa wani gidan kuma yake ɗaure fuska. Abin da ya rage mini shi ne yadda ya kasance bayan 1991, domin na ga hotunansa yana dattijo a kan manyan dandali. Shin ya sauya salo ne har aka karɓe shi, ko kuwa ƙasar ce ta sauya? Kuma da wane kundi ya dace mai koyon harshe irina ta fara?

Malamin Tarihi ya sake amsawa:

Maganar Baba tana kan hanya, kuma ban ga abin da zan rage a cikinta ba.

Bayan ficewarsa daga jam'iyya ya shiga wani lokaci na laluben hanya, inda ya juya ga tsofaffin mawaƙa. A 1996 ya rera waƙoƙin Carl Michael Bellman, mawaƙin Suwidin na ƙarni na 18, cikin Jamusanci, sannan a 1997 ya ɗauki waƙoƙin Franz Schubert, waɗanda aka saba ji daga bakin ƙwararrun mawaƙan zaure tare da fiyano, ya mayar da su kan jita. Wannan ma ci gaba ne na aikin da ya fara a Struckum, wato sauko da waƙa daga inda aka killace ta zuwa inda kowa zai iya kai hannu. Salonsa bai sauya ba, sai dai baitocinsa sun ƙara karkata ga ƙuruciyarsa da iyayensa da tsufa da mutuwa.

Abotarsa da Reinhard Mey, wadda ta faro tun suna yawon ƙananan gidajen wasa a shekarun 1960, ba ta yanke ba duk da bambancin hanyarsu, domin Mey ya samu karɓuwa a rediyo da talabijin tun da wuri. A 2002, lokacin da Wader ya cika shekara 60, su biyun tare da Konstantin Wecker suka yi wasa a Bielefeld, aka fitar da shi a faifai a 2003. A 2012 ƙungiyar Die Toten Hosen, masu kiɗan zamani mai ƙarfi da amo, suka sake rera waƙar da kika ji, wanda hakan ya kai ta kunnen wasu sababbin matasa. A 2013 masana'antar waƙa ta ba shi lambar Echo ta aikin rayuwa, bayan shekarun da kafofinta suka yi suna kauce masa. Saboda haka amsar tambayarki ita ce ƙasar ce ta matso wurinsa. Ya rufe rangadinsa na bankwana ranar 30 ga Nuwamba 2017 a zauren Tempodrom na Barlin, ya fitar da tarihin rayuwarsa a 2019 da sunan waƙar nan ta Freiligrath, sannan a 2022, yana da shekara 80, ya sake fitar da kundi mai suna "Noch hier", wato har yanzu ina nan.

Game da inda za ki fara, ina ba ki shawarar "7 Lieder", amma ki ajiye "Der Tankerkönig" sai kunnenki ya ƙara sabawa, domin maganar tana da sauri kuma cike take da habaicin siyasar wancan zamani. Bayan shi ki ɗauki "Volkssänger" tare da rubutattun baitocin a gabanki, tunda akwai tsofaffin kalmomi da ba za ki same su a littafin aji ba. Kundin Plattdeutsch kuwa ki bar shi zuwa ƙarshe, kuma idan akwai ɗan arewacin Jamus a ajinku ki roƙe shi ya zauna da ke ku saurari "Min Jehann" tare, ya fassara miki ita baiti bayan baiti.